Na canja kwanan wata a fayil ɗin asibiti, yanzu kotu ta nema

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Ina aiki a ɗakin kati na wani asibitin gwamnati, wani Alhaji a layinmu ne ya samo min aikin, shi ya riƙe karatuna bayan rasuwar babanmu, ko lefena akwati biyu nasa ne. To ɗansa ya yi faɗa da wani yaro, aka kawo yaron da rotse a ka, likita ya rubuta komai. Alhaji ya kira ni da daddare, washegari na sa tifes, farin ruwan goge rubutu, na mayar da 12 ga wata zuwa 15 a fayil ɗin yaron. Yanzu kotu ta aiko a kai fayil ɗin, wallahi tun shekaranjiya ko ruwa da ƙyar yake wuce min. In cire shafin gaba ɗaya ko in bari?

Tsohon akawu: Kar ka kuskura ka taɓa shafin nan! Abin da ka yi jabun takarda ne, sashe na 364 na dokar hukunta laifuka ta Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ko tara, ko duka biyun. Ka cire shafi kuma ka ƙara laifin ɓatar da shaida. Ka manta akwai rijistar ɗakin gaggawa da rasit da takardar 'yan sanda? Duk 12 ke jiki. Gobe ka nemi lauya.

Maman biyu: Irinku ne, fayil ɗin mijina ya ɓace a ofis, shekara uku muna zaryar fansho har ya kwanta dama. Allah ya isa kawai.

Ɗan Kwari: Lauya na me, dattawa su je gidan yaron a yi sulhu a janye ƙara, shikenan.

Tsohon akawu: Sulhu ba ya goge tifes malam. Ko ba kotu, dokar aikin gwamnati kora ce.

Mai tambaya: Ku gane ni ba kuɗi na karɓa ba, sisi ban karɓa ba. Mutumin da ya yi min uba zan ce wa a'a?

Maman biyu: Shi yaron da aka fasa wa kai fa, yaya jikinsa? Ba ka faɗa ba.

Tsohon akawu: Ranar da alƙali ya ɗaga takardar ya haska, rubutun wa zai gani, naka ko na Alhaji?

Mai tambaya: Na kira Alhaji sau huɗu yau bai ɗauka ba, ƙila yana hanya ne. Litinin za a kai fayil ɗin.