Sinaifa: bindigar ce ko mai riƙe da ita?

Ɗanliti: Salamu alaikum 'yan Garwa. Jiya a teburin mai shayi muka yi musu har aka tashi. Ni na ce sinaifa sunan bindiga ne, doguwar nan mai madubi a ka. A raba mu.

Hajiya Ladi: Ni Sniper ɗin da na sani maganin ƙwari ne, ɗan'uwan fiya-fiya, da ake shigowa da shi daga Yola.

Malam Idi: Hajiya, wancan aron sunan ya yi. Ɗanliti, ka sha ƙasa, mutum ne. Asalin kalmar daga snipe ne, wani ɗan tsuntsun fadama mai dogon baki. In ya tashi ba ya miƙewa, sai karkace-karkace, don haka harbo shi sai gwani. A bakin sojojin Ingila da ke Indiya, wajen shekarun 1770, aka fara jin kalmar a kan farautarsa, daga baya ta koma fagen yaƙi.

Ɗanliti: Allah gafarta Malam, na karɓi ta tsuntsu. Amma ba bindigar, ba shi. A 2017 wani sojan Kanada ya harbi mutum a Iraƙi daga nisan mita 3,540, tafiyar minti arba'in a ƙafa. A miƙa masa kalashi, wato AK-47, mu gani!

Baba Sale: Ɗana, mu da muka ci kaki da Faransanci tireur d'élite muke cewa. Ɗauki bindigar Bakanaden ka je bakin Binuwai, ko jaki ba za ka samu a tsallake ba. Sinaifa da mataimakinsa, su biyu suke kwanciya. Ɗaya na duba nisa da iska da zafin rana yana faɗa, ɗaya na saiti. Ka wuni rub da ciki, cinnaka na cizo, fitsari ya matse ka, ba motsi. Kunamar ma sai ka saki numfashi kake taɓa ta.

Malam Idi: Ga shaida, Baba. Simo Häyhä, manomi ɗan Finland, a yaƙinsu da Tarayyar Sobiyet na 1939 zuwa 1940 an lissafa masa mutum fiye da 500, kuma babu madubi a bindigarsa. Gilashi na ƙyalli, yana kuma sa mutum ɗaga kai. Har ƙanƙara yake sawa a baki kada tururin numfashinsa ya tona shi.

Usman Kusiri: Ku yi haƙuri, ni ban ga jarumta a nan ba. Ka laɓe ka harbi wanda bai san kana nan ba? A Sarayebo, babban birnin Bosniya, daga 1992 zuwa 1995, masu zuwa ɗiban ruwa da yara 'yan sinaifa suka riƙa ɗauka ɗai-ɗai daga saman benaye.

Baba Sale: Wannan kisan kai ne, Usman, ba wanda ya ce a yaba. Amma laɓewa ba tsoro ba ne. Da ya yi harbi ɗaya, igwa da duk abin da abokan gaba ke da shi kansa za su juyo, kuma in suka kama shi da wuya ya ga kurkuku.

Usman Kusiri: Baba, ban ƙi taku ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Hajiya Ladi: Wai duk maza ne?

Malam Idi: Ina! Ludmila Pablichenko ta Sobiyet, 309 aka rubuta mata a Yaƙin Duniya na Biyu.

Hajiya Ladi: To Ɗanliti, kuɗin shayin jiya a wuyanka yake.

Ɗanliti: Na biya rabi. Harbin Bakanaden nan dai har yanzu ba wanda ya yi shi da kalashi.