Neman Hausar "usbu'ut tamhidi" da "arkan" na rauda

Malama Rabi, Makka:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ana shirya ɗan bayani da Hausa, a rubuce da kuma saƙon murya, domin iyaye da kakannin da ke kai yara rauda, wato makarantar gabanin firamare a nan Saudiyya, amma Larabcin takardun makaranta na yi musu nauyi. Kalmomi biyu sun cije. Ta farko usbu'ut tamhidi, kwanakin da ake karɓar sabbin yara, wanda wasu makarantun ke kira tahyi'a. Ta biyu arkan, wuraren da ake kasa ɗakin aji. Ita rauda ban taɓa ta ba, ta riga ta zauna a bakin kowa.

Ga aikin makon, don a auna suna da shi. Lahadi yaro ya zo da uwarsa ko mai rainonsa, su yi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a nuna masa ajinsa, banɗaki, wurin shan ruwa da inda zai rataye jakarsa. Litinin uwa ta zauna gefe, ba ta shiga wasan. Talata ta yi masa sallama ta fita minti 15 zuwa 20 ta dawo. Laraba ta ba shi awa ɗaya ko biyu. Alhamis ya kai lokacin cin abinci ba tare da ita ba. Ba a koyar da harafi, ba a ba da aikin gida.

Alhaji Sani, Jidda:
Wa alaikumus salam Malama. Tamhid shimfiɗa ce, kuma muna da ita gida: share fage. A ce "makon share fage" a wuce. Gara da kika bar rauda. Asalin sunan na Jamusanci ne, kindagatin, wanda malamin nan Bajamushe Firobel ya raɗa a 1840, ma'anarsa lambun yara. Larabawa suka ɗauko ma'anar suka ce raudatul aɗfal. Mu kuwa in ka ce wa tsohuwa an kai jikanta lambu, za ta tambaye ka me ake shukawa. A Najeriya nazare ake cewa, ko rabin aji, amma a nan ba mai gane su sai wanda bai daɗe da zuwa ba.

Abla Hauwa, Madina:
Baba Alhaji, fassararka daidai ce, amma akwai cikas. A nan tamhidi sunan aji ne sukutum, mataki na uku na rauda, na 'yan shekara biyar zuwa shida da ke shirin shiga aji ɗaya. Wannan ajin shi ya cancanci "ajin share fage". In muka ba mako sunan, uwar ɗan shekara uku za ta ce ai nata bai kai ba, ta ƙi zuwa. Da Larabcin ma ana samun wannan ruɗanin, ba sai mun kwaso shi mun zuba a Hausa ba.

Maman Walid:
To a ce "makon yaye" mana. Ai raba yaro ake yi da uwarsa a hankali.

Hajiya Kulu, Makka:
'Yata, yaye ba zai yi ba, ta fuska biyu. Bikin yaye ɗalibai shi ne na gama makaranta, ke nan mun sa sunan fita a ƙofar shiga. Na biyun ya fi muni. Yaye yadda aka sani a gida, ɗauke yaro ake yi a kai shi wajen kaka, uwa ta ɓace masa. Wannan kuwa shi ne babban kuskuren da ake so iyaye su bari a rauda: uwa ta jira hankalin yaro ya tafi kan wasa, ta sulale. Ranar ba ya kuka a gabanta, sai ta ɗauka dabara ta ci. Kashegari ba zai taɓa abin wasa ba, zai riƙe abayarta, domin ya gane cewa wasa ne ya sa ta ɓace. Abin da ake so ta durƙusa daidai tsayinsa, ta faɗa masa za ta tafi, ta ɗaure dawowarta da abin da ya sani, kamar "in kun gama cin abinci zan zo", don ƙarfe goma ba komai ba ne a wajensa. Sallamar kada ta wuce minti ɗaya. Kada ta dawo leƙe ta taga, kuma ta cika alkawari ko da da ƙafa za ta zo. Zai yi kuka, yawanci yana lafawa cikin 'yan mintoci in malama ta ɗauke shi ta ba shi abin yi da hannu, ruwa ko kwaɓin fulawa.

Ni "makon sabo" nake gani. Abin da ake nema ke nan, ya saba da malama, da ɗaki, da yara.

Ustaz Adam, Jidda:
Hajiya ta kawo shi. Ina goyon baya musamman don saƙon muryar zai kai ga danginmu na Sudan, su Gadarif da Mai Wurno, inda ake lissafa halwa, wato makarantar allo, da rauda duka cikin karatun gabanin firamare. Sabo kalma ce da ba ta jingina da tsarin wata ƙasa ba. Damuwata rubutu ne. Yawancin mutane wayarsu ba ta da baƙaƙe masu lanƙwasa, saboda haka sabo da saɓo kamanninsu ɗaya a WhatsApp. Wani kuma zai karanta shi kamar sabon mako.

Alhaji Sani:
Ga kuma masu cewa sabo turken wawa.

Hajiya Kulu:
Alhaji, ɗan shekara uku turken muke nema masa.

Abla Hauwa:
Maganin damuwar Ustaz shi ne a cika sunan: "sabo da makaranta". Da zarar "da" ta biyo baya ba mai karanta shi saɓo, ba kuma mai kai shi ga sabon abu. Na gwada shaƙuwa a raina, amma ita ma tana da tagwai, wadda ake sha wa ruwa.

Inda nake da gyara shi ne "mako". Takardar makaranta mako ta ce, amma yaro ba ya bin takarda, kuma in muka rubuta mako, uwar da ɗanta ke kuka a kwana na takwas za ta ɗauka wani abu ne ya same shi. Abin da aka saba gani: Alhamis ta farko lafiya lau, Juma'a da Asabar a gida, Lahadi a koma kamar ba a taɓa zuwa ba. Wasu ma makon farko ba sa kuka saboda ɗokin kayan wasa, sai a na biyu da suka gane abin kullum ne. Ga hutun ranar ƙasa ta Saudiyya, 23 ga Satumba, da ke faɗowa cikin makonnin farkon nan, shi ma yakan mayar da wasu baya. Ga ɗan shekara uku a sa rai da mako biyu zuwa huɗu. Alamar ya zauna ba daina kuka kaɗai ba ce. A duba ko yana cin abincinsa, yana shiga banɗakin makaranta ba ya riƙe fitsari har gida, yana zuwa wajen malama in wani ya ƙwace masa abu. Yaron da ya yi tsit a gefe da jaka a baya tun safe har tashi bai saba ba, ko da bai zubar da hawaye ba.

Akwai ƙari ga yaranmu. Wanda Hausa kawai ake yi masa a gida yakan yi makonni ba ya magana a aji, yana saurare. Ba ciwo ba ne, kuma ba dalili ba ne na a daina yi masa Hausa. A koya masa kalmomi kaɗan na buƙata kafin ranar farko: moya (ruwa), hammam (banɗaki), abga (ina so), ta'aban (na gaji ko ba ni da lafiya), da sunan malamarsa. Ita ma uwa ta rubuta wa malama yadda yake faɗin fitsari da ƙishirwa da Hausa. Wani jiƙa wandon a kwanakin nan rashin kalma ne, ba rashin horo ba. Kaya biyu na canji a leda mai sunansa su zauna a makaranta.

Don haka "kwanakin sabo da makaranta".

Malama Rabi:
Na karɓa, kuma zan sa na Larabcin a gefensa sau ɗaya don su gane shi a takarda. Saura arkan. A tsarin da raudojin nan suka daɗe a kai, manhajar ta'allumuz zati, wato koyo da kai, yini yana tafiya ne da halƙa (zaman da'ira tare da malama), cin abinci, wasan waje, aiki a arkan, sai haɗuwar ƙarshe. Halƙa mun san ta tun a wajen karatu, ta zauna yadda take.

Maman Walid:
Rukuni fa? Ai daga rukun, tilon arkan ɗin, aka samo ta.

Ustaz Adam:
Daga can take, amma ta canza sheƙa. Rukuni a Hausar yau kashi ne na mutane ko na kaya. In aka ce yara sun shiga rukuni, za a fahimci an kasa su gida-gida ne, alhali a arkan wurin ne a tsaye, yaro ke zaɓar inda zai je. Kusurwa ita ce fassarar kai tsaye, ko lungu.

Hajiya Kulu:
Lungu kam a'a. Lungu wurin ɓuya ne, sharaɗin waɗannan wuraren kuwa malama tana tsaye ko tana zaune ta ga kowane yaro. Shi ya sa kantocin da ke raba su ba sa wuce ƙirjin yaro. Kusurwa ma da sauƙi, sai dai guda huɗu kawai ɗaki yake da su, wuraren kuma sukan kai shida ko bakwai: na gini da rushewa, na wasan gida, na duba littattafai, na zane da fenti, na bincike, na wasan haɗa hoto, na koyon riƙe fensir. Wasu tsakiyar bango suke.

Abla Hauwa:
Ni rumfa nake so. Kamar a kasuwa, kowace da irin hajarta, da iya mutanen da take ɗauka, kai kuma ka zaga ka tsaya inda ranka ya so. Rumfar gini, rumfar zane, rumfar littattafai, duk suna hawa baki. Da zan ce fage, amma mun riga mun ba ajin manya share fage.

Kuma a bayanin a faɗa wa iyaye dalilin da za su ga wasu kantocin a juye ko a rufe da zane a kwanakin farko, kada su ce makaranta ba ta da kaya. Ba a buɗe rumfuna duka rana ɗaya. A fara da biyu ko uku waɗanda yaro ya san irinsu a gida: wasan gida, tubalan katako, kwaɓin fulawa. Duk bayan kwana biyu ko uku a ƙara ɗaya, bayan an nuna a halƙa yadda ake ɗauko kayanta da yadda ake mayarwa. Fenti, almakashi da ƙananan duwatsun zarge su zo ƙarshe, su duwatsun ma ba a ba masu sa abu a baki. In aka buɗe komai lokaci guda, yara ashirin za su kwashe kayan wannan su zube a waccan, kuma ɗabi'ar da aka fara da ita ita ke zama har ƙarshen shekara.

A bakin kowace rumfa a sa ƙugiyoyi daidai yawan yaran da take ɗauka, misali huɗu a gini, biyu a fenti. Kowane yaro da katinsa mai hotonsa ko wata alama, kifi ko tauraro, tunda bai iya karanta sunansa ba, kuma alamar nan ce a kan maratayin jakarsa. Ƙugiya ta cika, sai ya nemi wata rumfar. Wannan yana rage faɗan aji. Gini a kan kafet saboda ƙarar faɗuwar tubala, nesa da littattafai. Fenti kusa da famfo. Kwaɓin kuwa kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri, cokali biyu na mai, ruwa kusan kofi ɗaya ana zubawa kaɗan-kaɗan. Gishirin na hana shi saurin lalacewa, yana kuma sa wanda ya ɗanɗana ya tofar. A rufe shi a roba, in ba haka ba mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, zai busar da shi kafin kashegari.

Alhaji Sani:
Rumfa dai da rufi aka san ta, waɗannan kuwa ba su da shi. Amma na faɗe ta da ƙarfi sau biyu, ta fi kusurwa daɗin ji a saƙon murya. Na bi. Sai dai wurin yashi da lilo na tsakar makaranta kada a kira shi rumfa, ko da yake shi ne mai rufin gaske saboda rana. A bar shi filin wasa.

Malama Rabi:
Ga yadda layin farko zai fita, a duba mini: "Kwanakin sabo da makaranta za su fara ranar Lahadi. Uwa ko mai raino ta zo da yaro ta zauna da shi awa ɗaya. Za ku ga rumfuna uku kawai a buɗe, sauran za a riƙa buɗe su a hankali."

Hajiya Kulu:
Malama, ƙara "mutum ɗaya, kuma ita ce za ta riƙa zuwa har Alhamis". In ba a faɗa ba, yau uwa, gobe kaka, jibi yaya, kowacce da irin sallamarta. Ki kuma sa cewa a zo da kwalbar ruwa mai sunansa, da abincin da ya saba ci wanda zai iya buɗewa da kansa, inabi kuma a tsaga shi a tsaye gida huɗu.