Likita ya ce in fara maganin Tenofovir, Hajiya ta ce a fara da na gargajiya

Ɗan Tudun Jukun: Salamu alaikum. Na je ba da jini aka gano ina da ciwon hanta nau'in B. Gwaji ya nuna hantar na kumbure, kuma sankarar hanta ce ajalin kawuna, shi ya sa likita ya ce in fara Tenofovir, ƙila har iya rayuwa. Hajiyarmu ta ce in gwada kurkum da habbatus sauda tukuna, tunda suna sauke kumburi. Wa ya taɓa shiga wannan hali?

Maman Ilham: Ka bar maiƙo da jan nama, amma wannan kaɗai ba ya maganin cutar.

Baban Khalifa: Ƙanena jarka-jarka ya sha na jiƙo, mai maganin na cewa dattin ne ke fita. Sai da ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, muka kai shi asibitin koyarwa na Shika. Likita ya duba hoton ya ce mun makara. Gona muka sayar. Takalminsa ma ya daina shiga ƙafarsa. Ya bar mata da goyo.

Maman Ilham: Allah ya jiƙansa.

Ɗalibar Likitanci: Amin. Yaya, wannan kumburin ba irin na targaɗe ba ne. Garkuwar jiki ce ke yaƙar cutar a cikin hanta, tana sakin sinadarai irin su IL-6, shi kuma ya kunna wani sinadarin, STAT3, mai umartar ƙwayoyin hanta su hayayyafa kada su mutu. Shekara da shekaru ana haka, sai ƙwayar hantar da ta lalace ta rayu ta yaɗu, ta zama sankara. Tenofovir na danne cutar, kumburin ya lafa. Haɗarin sankarar na raguwa, bai gushe ba, don haka hoton ciki duk wata 6.

Alhaji Sabon Gari: Ke da ko rantsar da ke ba a yi ba? Gwajin yawan ƙwayar cutar kaɗai 45,000 na biya.

Baban Khalifa: 25,000 muka biya. Kuma Alhaji, maganarta gaskiya ce.

Na Kongo: In kurkum na magani, da masu dafa-duka sun fi likitoci kuɗi.

Maman Ilham: Ni abin da ke ci mini rai masu yankan farce na kasuwa ne. Almakashi ɗaya, mutum nawa a rana? Ga wanzamai.

Alhaji Sabon Gari: A bar wanzamai. Masu sayar da takardar gwajin aure ta bogi fa?

Ɗan Tudun Jukun: To jama'a, Hajiya fa, me zan ce mata?