Ta yaya zan sa sufeton labarina ya ba da tsoro ba tare da tsawa ba?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Kwana huɗu ke nan na maƙale a babi guda. Sufeto ne ke yi wa wani direban tirela tambayoyi kan buhunan taki da suka ɓata a hanya. Na sa shi ya bugi tebur, na sa masa "Kai! Faɗa min gaskiya!" har sau uku, amma da na karanta wa ƙanwata sai ta ce tamkar fim ɗin Indiya na fassara. Abin ya tsaya min a rai, don mahaifina nake gani a direban nan, tuƙi ya ciyar da mu. So nake mai karatu ya ji wulaƙancin a jikinsa. Me zan gyara?

Tsohon Tafinta:
Wa alaikumus salam 'yata. Na daɗe ina tafinta a kotun majistare. Cire tsawar, ki fara da suna. Direba ya ce "Sunana Alhaji Sule", sufeto ya ɗago kai ya ce "To, Sule." Shi ke nan ya tuɓe masa alhajin, alhali dattijon ya haife shi. Shi kuwa yana tsaye, hula da takalmi an karɓe a kantar ofishin 'yan sanda, sai "ranka ya daɗe" yake, sai "yallaɓai".

Sannan ki kula da biro. Da Hausa yake bayani, tiryan-tiryan, har da rantsuwa, wancan kuma da Turanci yake rubutawa. "Ina jin bayan Magariba ne" ta koma "ƙarfe bakwai daidai". A ƙarshe a turo masa tawada ya dangwala babban yatsa a kan maganar da ba zai iya karantawa ba. Na sha karanta wa mutum takardarsa a gaban alƙali, ya zaro ido ya ce wallahi ba haka ya faɗa ba.

Lauyan Unguwa:
Baba ya gama magana. Malama, ki bar doka ta leƙo ɗakin. A finafinan Amurka da zarar wanda aka kama ya ce lauya yake so, tambaya ta tsaya. Tushen abin hukuncin Kotun Ƙolin Amurka ne a shari'ar Miranda, a 1966. Mu ma sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya, kuma sashe na 17 na dokar shari'ar laifuka ta 2015 ya ce wanda ba ya jin Turanci tafinta zai karanta masa bayaninsa ya fahimta. Ki sa direban ya ce "Zan jira lauya", murya na rawa. Sufeto ya ajiye biro a hankali, ya yi murmushi: "Au, ashe ka san doka?"

Maman Hanan:
Allah ya saka da alheri. Baba, maganar hular nan ta sa ni hawaye, ban taɓa ganin mahaifina a waje kai ba hula ba. Daga kanta zan buɗe babin, lokacin da yake miƙa ta da hannu biyu.