Injin kadin yana canza hali in rana ta take, me ke jawo haka?

Sabon_Hannu:
Salam jama'a. Ina aiki a sashen kadin na wata masaƙa, da safe injin lafiya lau yake shiɓe audugar, amma da rana ta take sai shimfiɗar auduga ta dinga yankewa wajen dofa (ƙaramar gangar da ke kwashe audugar daga babbar gangar injin), ƙura ta cika ɗaki, kuma ƙulli-ƙulli ya yi yawa a silaiba (igiyar audugar da injin ke fitarwa). Ba wanda ya taɓa saiti. Zafi ne ko me? Don Allah masana a taimaka.

Mai_Geji:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Zafi ne, amma ta hanya biyu yake shigowa. Ka fara duba danshin ɗakin tukuna, don iska in ta yi zafi danshinta sauka yake ko da ba ka taɓa komai ba. Auduga tana son danshi wajen kashi 50 zuwa 60, zafin ɗaki kuma kamar digiri 24 zuwa 27. In ya sauka ƙasa sosai zaren ya bushe yana karyewa, sitatik (lantarkin da gogayya ke haifarwa) ya taso, shi ne ƙurar nan da kake gani. Amma kar ku ce za ku labta ruwa, in danshi ya wuce kima audugar mannewa za ta yi a haƙoran silinda, wato babbar gangar injin.

Tsohon_Bakanike:
Oga Mai_Geji ya yi gaskiya, bari in ƙarasa ta biyun don ita aka fi mantawa. Ƙarfe yana buɗewa in ya ɗau zafi. Tazarar silinda da filat (sandunan nan masu haƙora da ke samanta) fa wajen milimita 0.2 ce kawai, silindar kuma faɗinta ya haura mita ɗaya tana juyawa sama da sau 400 a minti, to in ta ɗumama ita da jikin injin ba tare suke buɗewa ba, sai tazarar da aka saita da sanyin safiya ta tashi daga aiki. In ta matse da yawa har haƙora su goga juna, wannan kam asara ce babba. Shi ya sa wasu injinan kamfanin Trützschler suke da tsarin T-CON mai auna zafi yana lissafa tazarar. In naku tsohon yayi ne ku saita da la'akari da yadda zai koma in ya ɗumama, kuma ku share matatun zuƙar iska, toshewarsu tana riƙe zafi a ciki.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai yallaɓai. To in foliyesta muke gudu fa?

Mai_Geji:
Ita ta ma fi rigima, kusan ba ta shan danshi, kashi 0.4 ne inda auduga ke kai 8.5, sitatik ɗinta yawa gare shi, kuma man da aka shafa mata yana danƙo in zafi ya yi yawa. Ku ɗan rage gudun silinda, ka rataya ma'aunin zafi da danshi kusa da injin, ba bakin ƙofa ba, ka dinga rubutawa duk awa.