Ƙawata ta samu shago a Kejetia, ni kuma zuciyata ta ƙi yi mata murna

Yar_Aboabo:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah ina neman shawara, abin yana damuna sosai. Ni da ƙawata tare muka tashi a unguwar Aboabo a Kumasi, nan Ghana, makaranta ɗaya, wajen madam ɗaya muka koyi ɗinki, rana ɗaya aka yaye mu. Yanzu mijinta yana Jamus ya kama mata shago a sabuwar kasuwar Kejetia, ta sa keken ɗinki na lantarki da yara masu koyo, ni kuma har yau a ƙofar ɗaki nake ɗinki ga mai gidan da muke haya ya taso mu wai sai adibans na kuɗin hayar shekara 2. Wallahi ba ta taɓa min komai ba, ita ce ma ke turo min kwastoma in aiki ya mata yawa, amma da na buɗe WhatsApp na ga ta saka hoton shagon sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, in rubuta mata masha Allah alhali zuciyata ba haka take faɗa ba. Ina sallah, ina tsoron Allah, ba na so in mutu da wannan ciwon. Ya zan yi?

Malam_Asawasi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko ki kwantar da hankali, wadda hassada ta cinye ba ta zuwa neman magani. Ki tambayi kanki: so kike shagon ya bar hannunta, ko so kike ke ma ki samu naki? In na biyun ne to babu laifi, hadisi ya zo a Buhari da Muslim an yarda mutum ya yi burin irin abin da mai dukiyar da ke ciyarwa ta hanyar gaskiya ya samu, da mai ilimin da ke aiki da shi. Wanda aka hana shi ne fatan ni'imar ta gushe. Ki duba Suratun Nisa'i aya ta 32, inda aka hana burin abin da Allah ya fifita wasu da shi, a nan take aka ce ku roƙi Allah daga falalarsa. Sannan ki dinga yi mata addu'a da sunanta a bayan idonta, Muslim ya ruwaito mala'ika yana cewa amin, ke ma ki samu irinsa. Da farko zai miki ɗaci a baki, ki daure ki ci gaba.

Bash_Bronx:
Sista kar hoto ya ruɗe ki. Mu da muke waje mun san yadda kuɗin nan ke fitowa, mutum yana aiki biyu cikin sanyi, matarsa shekaru ba ta sa shi a ido ba. Kuma shago ba tabbas ba ne, ki tuna gobarar kasuwar Kantamanto ta Accra a Janairun 2025, mutane sun kwana da jari sun tashi babu ko tsinke. Kowa da nashi.

Mma_Hajiya_Nima:
Bash ɗana ban yarda da kai a nan ba. In sai ta tuna ƙawarta na da matsala ko shago na iya ƙonewa sannan zuciyarta ta yi sanyi, ai ciwon yana nan, ciyar da shi ma aka yi. To in ƙawar ba ta da wata matsala fa, mijin na kirki ne kuɗin na halal ne, shikenan sai ta ci gaba da ƙuna?

Ɗiyata, na daɗe ina sayar da atamfa, na ga yadda abin nan ke raba mata a zango, kuma kullum ta baki yake farawa. Ana zaune wajen suna ko awure wata ta ce hmm Allah kaɗai ya san aikin da mijin ke yi a can, ke kuma ki yi shiru kina jin daɗi, ko ki ƙara gishiri. Wannan wajen ki tsare da ƙarfinki, in an taɓo ta ki ce ni alheri na sani game da ita. Hotunan kuma ki rufe su na ɗan lokaci, ba gaba ba ce. Amma ita kanta kar ki guje ta, ki taka ki je shagon ki zauna ki tambaye ta inda take saro yadi, nawa take caji, ya take riƙe kwastoman amare, mai turo miki aiki ba za ta ɓoye miki ba. Ki shiga susu, wato adashi, mai amana ki sa ma kanki buri ɗaya, ko keken lantarki ne. Zancen haya kuwa dokar Ghana wata 6 ta ce, duk da masu gida ba sa bi, ki samu wani babba a unguwa ya raka ki ku roƙe shi ko shekara 1 ya karɓa, dan ina ganin rabin nauyin ƙirjin nan daga can yake.

Yar_Aboabo:
Na gode Malam, na gode Mma, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar in sha Allah zan je shagon. Amma Mma in faɗa mata abin da nake ji ne in nemi yafiya, ko in bar shi tsakanina da Allah?

Mma_Hajiya_Nima:
Kar ki faɗa mata, tunda ba ki taɓa ɓata ta wajen kowa ba babu haƙƙinta a kanki, faɗin zai sa ta fara ɓoye miki abubuwanta ne kawai. Ki je da ɗan turare ko wani abu na shago ki ba ta, ki tafi da littafi ki rubuta farashin.