Wace giya ce a ajiye a gidanku, kuma don wa aka ajiye ta?

Kawun Yara, Dadin Kowa

Jama'a barkanmu da sanyi. Ranar Asabar muka buɗe kabad ɗin Baba, wata huɗu bayan rasuwarsa, don a raba kaya. Can ƙasa, bayan farantan tangaran ɗin da Mama ba ta yarda a taɓa sai ranar Kirsimeti, sai ga kwalbar Seaman's Schnapps, ko murfinta ba a karya ba, takardar jikinta har ta yi ja. Yayarmu ta ce cikin kayan da dangin mijinta suka kawo ne lokacin aurenta, ɗanta na fari kuwa yanzu yana bautar ƙasa. A gefe akwai tsofaffin kwalaben Rock guda biyu da Mama ke zuba man gyaɗa a ciki. Yaran gidan ba su ma san Jos ta taɓa yin giyar kwalba tata ta kanta ba. Ni tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba da kofi a hannu ba, amma ga kwalba ta yi shekara ashirin da wani abu a ɗakinsa. Shi ne na ce bari in tambaya: ku me ke ajiye a naku gidajen?

Maman Biyu, Bukuru

Kawu, Allah ya ba ku haƙuri. Mu Katolika ne, ba ma ɓoyewa. Kullum akwai kiret ɗaya a ƙarƙashin bene, rabi Gulder rabi Star, sai ƙaramar Guinness kamar shida don surukata, ita ba ta shan komai sai baƙa. Na sha gaya mata baƙar ta fi ƙarfi, tana kai kashi 7.5, su Star kuwa wajen kashi 5 ne, sai ta ce ita magani take sha. Maigida kwalba ɗaya yake sha da farfesu ranar Lahadi bayan coci, wani lokacin ma ya bar saura. Sauran duk na baƙi ne. Ka san halin mutanenmu, baƙo ya zo ka ba shi ruwa kawai, kafin ya kai Zawan labarinka ya riga shi.

Daɗin Jos ɗaya: daga Disamba zuwa Janairu ba ruwana da firji, ba ruwana da NEPA. In jera kwalabe a bayan kicin kan siminti, da yamma kamar daga ƙanƙara aka ciro su. 'Yar'uwata ta Abuja sai ta tayar da janareto. Abin da ke haɗa ni faɗa da mutane shi ne kwalba. Ka sha ka tafi da kwalbata, alhali mai shago ba zai ba ni sabon kiret ba sai na kai masa kwalabe cif.

Tsohon Malamin Makaranta, Tudun Wada

'Ya'yana, ku bar ni in ɗan ja zancen baya, don wannan kalmar "ajiya" ita ta tsaya mini. Ni a ƙauye na tashi, wajen Pankshin, kuma mahaifiyata burkutu take dafawa. Aikin kusan mako guda ne. A jiƙa jar dawa, a shanya ta a rufe da ganye ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama, a dafa a manyan tukwane, a bari ta yi tsami, a sāke dafawa, sannan a zuba ragowar tsohuwar giya a bar ta ta tashi. Da asuba za ka ji tulun yana wani ƙara ƙasa-ƙasa kamar ana raɗa. Ranar da ta nuna ranar za a sha. In ta kwana biyu ta zama ruwan tsami, ko kyauta ba mai karɓa.

To ka ga giyar da ba ta ajiyuwa dole a kira mutane. Ranar gayya ake yin ta, ko biki, ko makoki. A zauna a inuwa, ƙwarya tana zagayawa, wadda ta dafa ita ke fara kurɓa a gaban kowa don a san ba komai a ciki. In yaro ya miƙo hannu akwai dattijon da zai harare shi. In mutum ya fara wuce gona da iri, matarsa na can gefe tana gani, kawunsa na gani. Ba na cewa ba a buguwa a da, ana yi sosai, na ga wanda aka ɗauko daga kwata. Amma kowa ya san adadin da ka sha, don a idon jama'a ka sha shi, kuma in tulu ya ƙare ya ƙare sai wani mako.

Kwalba ce ta zo da ɗaki da makulli. Ita ba ta lalacewa, ba ta ƙara, ba ta bukatar gayya. Na yi aiki da wani malami, mutumin kirki, shekara tara muna ofis ɗaya ban taɓa ganinsa a mashaya ba. Sai da ya kwanta ciwon hanta matarsa ta tarar da kwalabe a cikin akwatin littattafansa. Ni yanzu ba abin da ke gidana. In na yi marmari nakan shiga kasuwar Kugiya da ke Bukuru in sha ƙwarya ɗaya, in ci nama, in hau mota in dawo.

Injiniya, Rayfield

Baba, ai dawar taku ba ta bar kwalba ba. Tun 1988 da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin giya suka koma kan dawa da masara. Wato mai raina burkutu yana riƙe da 'yar'uwarta a hannu. Ni dai wiski ɗaya ce da jan ruwan inabi biyu. Wiskin yana shekara, ruwan inabin kuwa in an buɗe kwana uku zuwa biyar ne a firji, bayan nan sai miya.

'Yar Zumunta, Jenta Adamu

Gidana Maltina ce da zoɓo da kunun aya, ba ƙari. Cocinmu ba ta yarda da sha ba, kuma ni ma ban yarda ba, ko da za a kawo mini zancen bikin Kana, inda Littafi Mai Tsarki ya ce Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi, sau ɗari. Mahaifina giya ce ta cinye albashinsa, mu muka san yadda muka yi makaranta.

Amma bari in faɗi gaskiya. Bara da muka aurar da ɗiyata, dangin ango suka aiko cewa dattawansu ba za su zauna a kan lemo ba. Maigida ya rasa yadda zai yi, a ƙarshe aka sayi katan biyu aka kai gidan maƙwabcinmu. Duk wanda ka ga ya tashi ya ce zai je ya duba motarsa, can ya nufa. Har da wasu da nake gani a layin gaba ranar Lahadi. Na kawar da kai. Ta gidana dai ba ta shiga ba.

Malam Na Gangare

Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, giya haramun ce a wurinmu, sha da sayarwa da ɗauka da ajiyewa duka, don haka amsata a taƙaice ita ce babu. Sai dai ta taɓa kwana uku a gidana ban sani ba. Ƙarshen shekara aka raba mana kwandon kyauta a wurin aiki: shinkafa, man girki, biskit, da wata doguwar kwalba mai kyau. Na ɗauka irin ruwan inabin nan ne marar giya da ake buɗewa a walima. Uwargida ta sa a firji, ta ce sai ranar Juma'a in baƙi sun zo. Allah ya taimake ni ɗana na sakandare ya juya bayan kwalbar, ya ce, "Abba, an rubuta kashi 12." Na naɗe ta a baƙar leda kamar mai ɗauke da gawar kaza. Tunanin farko in miƙa wa abokin aikina Kirista, sai na tuna ba da ita ma bai halatta ba, na tuttular a kwata. Uwargida ta wanke firjin nan har sau biyu.

Tun daga ranar kowace kwalba sai na karanta. Kuma in yaba wa abokin nawa: duk Kirsimeti in na je gaishe shi, kafin in zauna ya kwashe nasa daga tebur, ya kawo mini lemo a rufe in buɗe da hannuna. Ban taɓa roƙonsa ba.

Nas Mai Aikin Dare

Ni roƙo na zo yi. Duk abin da za ku ajiye, ku bar shi a kwalbarsa ta asali, ku sa a sama ko ku kulle. An taɓa kawo mana yaro ɗan shekara huɗu cikin dare, jiki ya saki, ya yi sanyi ƙalau, ba ya amsawa. Uban ya zuba goskolo, wato giyar nan mai ƙarfi da ake haɗawa a gida, a robar ruwa ya ajiye a gefen gado, yaro ya tashi da ƙishi. Giya tana faɗar da sugan jinin ƙaramin yaro da sauri, abin da babba zai sha ya yi waƙa shi yaro zai iya kai shi lahira. Mun samu ya farfaɗo, amma ban manta fuskar uwar ba.

Goskolo kuma, ku da kuke Jos kun san abin da ta yi wa samarin Tudun Wada da Kabong da Angwan Rukuba: kumburin ƙafa, kumburin ciki, ido ya yi ɗorawa. Matsalarta ba wanda ya san abin da aka haɗa. In an samu sinadarin metanol a ciki, yana makantarwa, yana kisa. Shi ne ya kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015 bayan sun sha ogogoro, giyar gida mai ƙarfi. Ga kuma 'yan ƙananan ledojin giya da hukumar NAFDAC ta sanar da hanawa a Fabrairun 2024, su da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, saboda ɗan makaranta na iya sa su a aljihu. Iyaye, in za ku yi wanki ku riƙa laluba aljihu.

Masu cewa sanyin Jos ne ke sa su sha, jijiyoyin fata ne kawai ke buɗewa ka ji ɗumi, zafin jikin kuwa fita yake yi. Wanda ya bugu ya kwana a waje cikin hunturu yana cikin haɗari.

Baban Gwarzo, Farin Gada

Nas ta taɓo ni. Ina da wata kwalbar giyar jin da nake ajiyewa don abokai, har nakan ja layi da biro a jikin takardar in san inda ta tsaya. Wata uku layi bai motsa ba, ina ta yabon gidana. Ranar da abokina ya zo na zuba masa, ya kurɓa, ya dube ni ya ce, "Oga, yaushe ka fara ajiye ruwan famfo a kabad?" Ashe ɗana ɗan shekara 16 da abokansa suna sha suna cikawa da ruwa daidai layin. Dariya muka yi a lokacin. Da dare na kasa barci. Ban doke shi ba, na zaunar da shi muka yi magana har ɗaya na dare, kuma a nan na ji ba a kabad ɗina ya fara ba, amma a nan ya fi samu a sauƙaƙe. Yanzu in baƙo ya zo, in aika a sayo daidai bakinsa, in ya tafi kwalba ta bi shi.

Maman Biyu, Bukuru

Baban Gwarzo ka sa na tashi na je na ƙirga kiret ɗina. Sun cika. Amma gobe zan sa kafinta ya yi wa ƙarƙashin benen ƙofa.

Kawun Yara, Dadin Kowa

Na gode muku duka. Jiya na kira ƙanin Baba a ƙauye na ba shi labarin kwalbar. Ya yi shiru, sannan ya ce kwalba biyu aka kawo ranar, ɗaya dattawa suka buɗe suka zuba wa ƙasa suka sha, ɗayar aka ba Baba a matsayinsa na uban amarya. A lokacin ya riga ya daina sha, amma ya ce ba a zubar da abin da surukai suka kawo, ba a kuma bayar da shi. Na tambaye shi yadda za mu yi da ita. Ya ce kada kowa ya taɓa murfin, in taho masa da ita in za mu je gida a watan gobe. Na naɗe ta a tsohon zanen Mama, tana cikin jakata.